Addu'ar Iri da Idon Jikata

Mu shida ne a tsakar gida ranar, in an haɗa da ta goye mu bakwai. Akwai ni. Akwai ɗan farina, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba, yana zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafarsa ta hagu wadda ba ta lanƙwasuwa. Akwai matarsa da jaririya a baya. Akwai autata, da ta zo daga Sabuwa inda take aure don ta taya mu shuka. Akwai Hajiya maƙwabciyarmu, Musulma ce, katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin da wani abu. Irin wake ta kawo mani a bakin zane, da ta ga za mu durƙusa sai ta ja gefe ta zauna a kan turmin da aka kife. Sai jikata, babbar ɗiyar ɗana, shekararta tara a lokacin. Sunana aka sa mata, shi ya sa ubanta ke kiranta Uwata. Saboda ita nake wannan magana.

Ruwan shuka ya sauka tun da hantsi, bai ɗauke ba sai bayan azahar. Na fita gonar bayan gida na soka yatsa a ƙasa, na ji laima ta kai inda ake so. Na ce gobe shuka, yau addu'ar iri.

A gidanmu iri ba ya zuwa gona sai an yi mashi addu'a. Ana zuba dawa da gero da masara, kowanne a ƙwaryarsa, a ajiye a tsakiya, kowa ya durƙusa ya ɗora hannu a kai. Ƙaramin da bakinsa ya buɗe shi ke fara addu'a, babba ya rufe. Ubana Bamaguje ne, shi jinin zakara yake zuba wa iri a gindin tsamiya. Da muka karɓi bishara, mijina, Allah ya ba shi hutawa, ya ce iri ba zai fita gida haka nan tsirara ba. Sai muka ajiye zakara muka ɗauki addu'a.

Ni ban yi boko ba, ban yi allo ba. Littafin Allah in ka miƙo mani shi a juye ba zan gane ba. Wannan ma autata ce ke rubutawa ina faɗa mata. Mai bisharar da ya fara zuwa ƙauyenmu a kan keke, can ƙasar Ƙanƙara ba nisa da Mabai, abu uku ya koya mana ranar farko: ku durƙusa, ku haɗa hannu, ku rufe ido. Masu karatu suka ci gaba, suka shige cikin Littafi. Ni na tsaya a bakin ƙofa na riƙe abin da aka ba ni da hannu bibbiyu.

Kuma akwai abin da ke cina a rai. Ina amarya na ji mata a bakin rijiya suna cewa, ai waɗannan ba su da salla, waƙa kawai suke da ganga. Ina kallon 'ya'yan Hajiya, kafin su kai bakwai sun iya alwala, sun san gabas, ba mai waige in an tayar da salla. Na ce nawa ma ba za su tsaya gaban Allah kamar 'yan cin kasuwa ba.

Don haka na kafa doka biyu. Ba a buɗe ido. Ba a katse mai addu'a, ko kunama ce ta hau ka. Safe da yamma muna durƙusawa, kuma ba loma da ke shiga baki sai an yi godiya. Ina da tsumagiya a soke a jikin danga. Wanda ya buɗe ido ba na ce mashi kome sai an ce Amin, sannan in ba shi nasa, biyu a ƙwauri. Yadda nake kama su kuwa ba wani asiri ba ne. Ni ba na rufe nawa. Bakina na addu'a, idona na kiwo. 'Ya'ya biyar na rena haka, ba wanda ya taɓa tambayata yadda aka yi na gan shi.

Ɗan farina yana ɗan shekara shida cinnaka ya kama shi a cinya muna tsakiyar addu'ar yamma. Hawaye na bin kumatunsa, jikinsa na rawa, amma bai buɗe ido ba, bai motsa ba, har aka gama. Na ba da labarin nan a zumuntar mata ya fi a ƙirga. Na ba jikata shi kuma tun tana rarrafe da magana. Nakan ce mata, kin ga ubanki, haka ake.

Ita kuwa ta ɗauka fiye da kowa. Tana shekara biyar take buɗe mana addu'ar iri. Ba ta bin haddar kowa, nata take yi. Ta roƙa wa kaji lafiya, ta roƙa wa gwiwar Hajiya sauƙi, ta roƙi Yesu ya sa gyaɗa ta yi 'ya'ya uku-uku. Ba na dariya a wurin addu'a, amma raina yana yin fari.

Daminar da ta gabaci ranar da nake magana, lokacin huɗa, ɗana yana gonarmu ta bakin daji da shanunsa biyu. Da hantsi uwar yarinyar ta dama kunu ta ba ta ta kai mashi. Ya tsayar da shanu, suka koma inuwar ɗorawa, ya ce su yi godiya kafin ya sha. Doguwar addu'a gare shi, gado ya yi. Da ya ce Amin ya buɗe ido, mutum uku ne tsaye a kansu da bindigogi. Bai ji ƙarar babur ba, don can bakin rafi suka kashe suka tako da ƙafa. Shanu suka zo ɗauka. Ɗana ya riƙe igiya, abin da bai kamata ya yi ba, ɗayansu ya harbe shi a gwiwa. Yarinyar ba su taɓa ta ba. Ita ce ta sheƙo gida ba ko ɗankwali ta kira maza. Wata biyu ya yi a asibiti, ya dawo da ransa, da ƙafar da ta sandare. Gonar bakin daji muka bar wa ciyawa.

Wannan shi ne abin da kowa ya sani. Ni ma iyakar sanina ke nan.

Tun daga ranar yarinyar ta daina addu'a. Tana zuwa ta durƙusa tare da mu, amma idonta a buɗe tar, bakinta a rufe. Ko Amin babu. Uwarta ta ce, Inna, firgita ce, a ba ta lokaci. Na ba ta har aka yi girbi. Na ba ta har Kirsimeti ta wuce. Bayan nan na ce firgita ba ta shekara a jikin yaro, wannan taurin kai ne ya samu gindin zama. Na yi faɗa. Sau biyu na zaro tsumagiya. Abin da ya kamata ya tsayar da ni shi ne ba ta gudu ba, ba ta yi kuka ba, miƙo ƙafar ta yi kamar dama jira take. Na gani da idona, ni mai gani, amma ban karanta ba.

Tsorona ɗaya ne. Na san gidan da na fito, na san yadda bakin mutum ke bushewa in ya daina kiran Allah. Na ce in na kwanta dama yarinyar nan tana haka, mai sunana, mi zan ce in an tambaye ni? Na ƙudura a raina cewa ranar addu'ar iri za a yi ta ta ƙare, tunda ita ce mai buɗewa, ƙanwarta ba ta ko yi haƙori ba.

To muka durƙusa, ban da ɗana da ya ja jiki ya miƙa hannu daga zaune. Wake ma na juye shi a ƙaramar ƙwarya na sa a cikin sahu. Na ce, "Ke, buɗe mana."

Hannunta na kan dawa, idonta na kan ƙofar gida.

"Da ke nake."

Hajiya ta ce daga kan turmi, "Haba 'yar nan, yi masu mana in samu in tafi. Ko wakena ne ya hana, don na Musulmi ne? In shi ne a fitar da shi, ya yi tasa sallar a gefe."

Autata ta fara dariya. Na dube ta, ta haɗiye.

Na ce, "Rufe idonki."

Ta ce, "Ba ni rufewa, Kaka."

A gidan nan ba a taɓa mayar mani da magana ba. Na ce, "Mi kika ce?" Ba ta sake ba. Na dafa ƙasa na miƙe, na nufi danga.

Ɗana ya ce, "Inna, don Allah."

Na ce, "Kai yi shiru. Ba a gabanka na fara renon yara ba."

Kafin in juyo ta riga ta tashi tsaye. Ta ɗan ɗage zanenta daga ƙwauri, ta ce, "Ki yi mani, Kaka. Na bara ne har yau ba ki yi mani ba."

"Wane na bara?"

"Na buɗe ido a gona."

Ba ta ɗaga murya ba. Ƙasa take kallo tana magana, kamar mai karanto saƙon da aka aiko ta da shi. Ta ce ƙuda ne ya dame ta, ta ji tsoron kar ya faɗa a kunun Baba, sai ta buɗe ido ɗaya. Ubanta ya ba rafi baya, ita ce ke fuskantar can. Ta hango su suna jingine babura a gindin kalgo. Ta ga bindiga a kafaɗar na gaba.

"Na so in ce Baba. Sai na tuna ba a katse addu'a. Kuma in na faɗa za a san na buɗe ido. Sai na mai da shi na rufe, na ce bari ya gama in faɗa mashi. Bai gama da wuri ba."

Surukata ta ɗora hannu a ka ta ce wayyo Allah. Hajiya ta yi salati a hankali. Ni ina tsaye da tsumagiya a hannu, na rasa inda zan sa ta.

Ɗana ya miƙa hannu ya jawo ta. Ya ce, "Zo nan, Uwata. Shekara guda kina ɗauke da wannan? Ko kin yi ihu ina za mu? Shanu biyu da garma, mutum uku da bindiga. Ni na riƙe igiya, ba ke ba."

Ta ce, "Da mun gudu."

"In gudu in bar shanu? Ashe ba ki san ubanki ba. Da kin faɗa ma nan za su same ni."

Ta bari ya riƙe ta, amma ba shi take kallo ba. Ni take kallo. Dokar ba tasa ba ce, ta san mai ita.

Da ina da hankali da a nan na sauko. Amma baki ya saba da hanyarsa. Na juya wurin autata na ce, "Ke mai karatu, faɗa mata inda aka rubuta a rufe ido. Ta ji ba ni na ƙago ba."

Autata ta sunkuyar da kai tana wasa da ƙwayar masara.

"Ba ki ji ni ba?"

"Inna, ba a rubuta ba."

"Kamar yaya ba a rubuta ba?"

"Na bi shi daga farko har ƙarshe. Akwai masu durƙuso, akwai masu tsayuwa, akwai ma masu ɗaga ido sama. Ban ga inda aka ce dole a rufe ba. Mai bisharar ya koya maku ne don kar hankali ya rabu, shi ke nan."

"Tun yaushe kika san haka?"

"Tun ina makaranta."

"Kika yi shiru?"

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Wa ke faɗa maki, Inna?"

Ruwan da ya taru a kan jinka yana ɗiga cikin tukunya, muna jinsa ɗaya bayan ɗaya. Can Hajiya ta tashi ta kakkaɓe zane. Ta ce, "Maƙwabciya, ba addinina ba ne, ba ni sa baki. Amma mu a wurinmu malamai sun ce in ana cikin tsoro, wasu na salla wasu na gadi, sannan a canja. Allah bai ce ka ba kura baya ba."

Na ce, "Hajiya, kin kawo wake, na gode."

Ta ce, "Ai na san haka za ki ce. Sai da safe, uwar taurin kai." Ta shafa kan yarinyar ta fita.

Ranar ba a yi addu'ar iri ba. Tun da mijina ya kafa ta ba a taɓa fasawa ba sai ran nan. Na kwashe ƙoren na kai ɗaki, na dawo na zauna a bakin ƙofa har rana ta faɗi. Ba wanda ya matso kusa da ni, na kuma san ba don girmamawa ba ne kaɗai.

A zaunen nan na bi abin da kaina. Na tuna labarin cinnaka, da yawan lokutan da na zuba mata shi a kunne. Yarinya ta ga bindiga a gabanta, ta auna da tsumagiyar Kaka da fushin Allah da na ce yana biye da ita, ta ga bindiga ta fi sauƙi. Ba rashin biyayya ne ya kai ta ba. A duk waɗanda na rena ba wanda ya bi maganata kamar ita. Sannan na tambayi kaina, ni yaushe rabon da in yi addu'a? Kalmomin na bakina, ba na tuntuɓe a kansu. Amma na duba shekarun nan duka, ban samu rana ɗaya da na yi magana da Allah ba tare da ina leƙen fuskar wani ba. Ina ta tura yara cikin ɗaki, ni ina waje da sanda.

Na san kuma maganar ubanta ba ta sauke mata kayan ba. Na ga idonta. Wanda ya ɗaure akuya shi ya san inda ƙullin yake. Mu a tasowarmu babba ba ya ba yaro haƙuri, ban ma san yadda ake fara shi ba. Ko na iya, haƙurin baki ba zai buɗe nata bakin ba.

Washegari gari na wayewa, rana ba ta fito ba, na je na taɓa ƙafarta. Na ce ta ɗauki ƙwaryar dawa, ni na ɗauki sungumi da sauran irin. Uwarta ta leƙo, na ce su same mu in sun karya. Muka fita gonar bayan gida mu biyu, tana gaba ina baya. Ƙasa ta yi laushi, tana kama tafin ƙafa.

A bakin gona na ce ta ajiye. Na tsaya a gabanta na ce, "Saurara da kyau, ba ni maimaitawa. Na bara babu shi. Buɗe idon da kika yi daidai ne. Shirun da kika yi ni na sa maki shi a baki. Nawa ne, ni zan amsa shi gaban Allah, ba ke ba. Kin ji?"

Ta ɗaga kai kaɗan.

"Yau ni zan rufe ido. Ke ki hau kan tudun nan ki duba gabas ki duba yamma. Kome kika gani ki faɗa da ƙarfi, ko ina tsakiyar kiran sunan Yesu ne."

Ta ce, "Ko mi ne ne?"

"Ko mi ne ne."

Na durƙusa, na sa hannu cikin dawa, na rufe ido. Ban zaci abin zai yi mani haka ba. Duhun ya faɗo mani gaba ɗaya. Bayana ya zama kamar an yaye mani zane. Kowane motsin ciyawa sai in ji kamar takun mutum. Fatar idona na ta rawa tana son buɗewa, na matse ta. Na ce ashe wannan ne abin da nake nema wurin 'yan yara safe da yamma. Na fara addu'a, bakina na kakkarwa kamar sabuwar tuba.

Ban yi nisa ba na ji ƙaramar murya. "Kaka."

Na tsaya. Na ce, "Na'am."

"Akuya ta shigo gona."

Gonar da ba a shuka kome ba, mi akuya za ta ci? Na san ba akuyar take kallo ba, ni take gwadawa. Na ce, "Madalla da kika faɗa. Kore ta."

Na ji takunta, na ji hogen ƙasa da ta jefa ya fashe, akuya ta yi kuka ta gudu. Na ci gaba daga inda na tsaya. Na roƙi ruwa mai albarka, na roƙi a tsare mu daga tsutsa da masu bindiga.

"Kaka, mai keke ya wuce a hanya. Itace ya ɗauko."

Wannan karon muryar ta fi ƙarfi. Na ce, "Na ji. Ci gaba da dubawa."

Na roƙi gafara a fili, don ta ji da kunnenta, na faɗi laifina da sunansa. Ina cikin haka na ji dawa ta motsa a ƙwarya. Ƙaramin hannu mai sanyi ya sauka kusa da nawa.

Ta ce, "Kaka, ki sa ƙafar Baba a ciki."

Na ce, "Sa da kanki. Yana jin ki."

Ban matsa mata ba, gwiwoyina na ta nutsewa a laima. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Allah, ƙafar Baba." Iyakarta ke nan. Na jira ko akwai saura, babu. Na ce Amin. Ko idonta a rufe yake lokacin da ta faɗa, ko a buɗe, ban sani ba, don ban duba ba.

Na dafa kafaɗarta na miƙe. Na ɗauki sungumi na fara sara daga bakin iyaka, tana bina a baya tana zuba dawa tana rufewa da diddige. Mun yi layi huɗu kafin sauran su iso.